Akwatin da za a tura rami, wa ake yi wa zanen jikinsa?

Sabo_Kafinta:
Assalamu alaikum jama'a. Ɗan yayata da ke karatu a Alƙahira ya turo min hotunan wasu akwatunan gawa na mutanen Masar na da, ya ce tunda sana'ata katako ce in gani. Tun jiya nake zuƙo hotunan nan ina dubawa. Babu inda aka bari fili. Daga kai har ƙafa zane ne da rubutu, ja da shuɗi da rawaya, har cikin akwatin, har ƙasan murfi inda idan an rufe ko haske ba ya shiga. Ni dai a sana'ata, bayan kabad da zai jingina da bango ko fenti ba ma ɓata masa. To abin da za a tura rami a toshe, wa ake yi wa wannan ado? Ko dai nuna arziki ne kawai na ranar jana'iza? Masu ilimi a fitar da ni duhu.

Bakatsine77:
Kuɗi ne suka yi musu yawa, Malam Sabo. Wanda ya tara duwatsu ya yi dala don kabarin mutum ɗaya, fentin akwati ne zai gagare shi?

Malama_Binta_Tarihi:
Wa'alaikumus salam. Malam Sabo, kai da kanka ka ba da rabin amsar. Bayan kabad ba ka yi masa fenti saboda babu mai kallo. Su kuwa a wurinsu akwai mai kallo, shi ne na cikin akwatin. Ka duba hotunan da kyau, idan akwai akwati mai kusurwa huɗu irin na wajen shekara 2000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), za ka ga an zana idanu biyu a gefe ɗaya ta wajen kai. Gawar a gefen hagu suke kwantar da ita, kai arewa, fuska gabas, daidai saitin idanun nan. Wato taga suka yi mata ta riƙa ganin fitowar rana da abincin da dangi suka ajiye. A wasu akwatunan ƙarƙashin idanun har ƙofa ake zanawa, wadda ba ta buɗuwa ga mai rai. Zanen a wurinsu aiki yake yi. Idan an zana burodi da giya da takalma da matashin kai a cikin akwati, to sun yi imani mamacin ya mallake su ke nan.

Sabo_Kafinta:
Wallahi akwai mai idanun! Na ɗauka tambarin mai aikin ne. Allah ya ƙara basira, Malama.

Ɗan_Azhar:
Ni ma ina nan Alƙahira, na shiga gidan tarihin da ke dandalin Tahrir fiye da sau ɗaya. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne yadda fentin yake sabo. Sai ka rantse bara aka shafa. Akwai waɗanda a cikin murfinsu aka zana mace ta miƙe tsawon murfin gaba ɗaya, hannuwa sama, wani lokaci jikinta duk taurari. Ita ce Nut, wadda suke ɗauka ita ce sararin sama. A tatsuniyarsu tana haɗiye rana da magariba ta haife ta da asuba. To idan aka kifa murfin, mamaci na kwance fuska da fuska da ita, kamar ya koma cikin uwa yana jiran a sake haihuwarsa tare da rana. Na daɗe tsaye a gaban ɗaya ina tunanin mai zanen da ya zauna ya ɗiga taurarin nan ɗaya bayan ɗaya, ya san sarai babu mai rai da zai sake ganinsu.

Na_Zaure:
A dai riƙa tunawa shirka ce tsantsa. Kada sha'awar zane ta sa a manta.

Malama_Binta_Tarihi:
Babu wanda ya ce a bi, Malam. Tambaya aka yi kan abin da suka yi imani da shi, shi muke faɗa. Bari in ƙarasa wa Malam Sabo. Su ba su ɗauki mutum a matsayin jiki da rai kawai ba. Akwai abin da suke kira ka, shi ne yake buƙatar ci da sha ko bayan mutuwa, don shi ake kai abinci kabari. Akwai ba, wanda suke zanawa kamar tsuntsu mai kan mutum, yana fita da rana ya zaga duniya, da dare ya dawo ya sauka a kan gawarsa. To idan ya dawo bai gane gawar ba fa? Ko ta ruɓe? Shi ya sa suka dage da busar da gawa, shi ya sa kuma daga baya akwatin ya koma siffar mutum mai fuska da gashi da hannuwa a ƙirji. Idan jiki ya lalace, akwati ya tsaya a madadinsa. Sannan suna. Dole a rubuta sunan mamaci a jikin akwatin, don a ganinsu wanda sunansa ya ɓace ya mutu mutuwa ta biyu, wadda babu tashi a bayanta. Ita suka fi tsoro fiye da ta farko.

Inna_Damagaram:
Ina da tambaya ta gefe. An ce da gishiri suke busar da gawar, gaskiya ne?

Ɗan_Azhar:
Inna, kusan abin da ke cikin kicin ɗinki ne. Natrun ake ce masa, dangin kanwa ne, irin wanda ake kwasowa a busassun tafkuna. Akwai wani kwari tsakanin Alƙahira da Iskandariya da har yau sunansa Wadin Natrun. Sai a fitar da kayan ciki, a binne gawar cikinsa wajen kwana 40 har ta bushe ƙayau, sannan a shafe ta da mai da ƙaro a naɗe da yadi. Duka aikin kwana 70 ne. Hanta da huhu da tumbi da hanji kowanne da tulunsa, murafun tulunan ɗaya kan mutum, ɗaya kan biri, ɗaya kan dila, ɗaya kan shaho. Ƙwaƙwalwa kuwa ta hanci suke zaƙulo ta su zubar, ba su ga amfaninta ba. Zuciya ce kaɗai ake bari a ƙirji.

Inna_Damagaram:
Ikon Allah. Kanwar da muke sa wa wake ya yi laushi, wasu ita suka sa wa sarakunansu su yi tauri.

Bakatsine77:
Sun zubar da ƙwaƙwalwa sun ajiye zuciya. Ashe matsalar shugabanni ta daɗe.

Ɗan_Azhar:
Hhhh Bakatsine. Amma da dalilinsu. A wurinsu zuciya ce mazaunin hankali da tunani, kuma ita za a ɗora a sikeli. Wannan hoton yana cikin takardun da ake binne su da su, yana kuma jikin akwatuna da yawa. Anubis, abin bautarsu mai kan dila, yana duƙe yana daidaita sikeli, gefe ɗaya zuciyar mamaci, ɗaya gefen gashin jimina guda ɗaya, alamar Ma'at, wato gaskiya da daidaito. Tot, wani abin bautar mai kan jinjimi, yana tsaye da alƙalami yana rubuta sakamako. Osiris, wanda suke ɗauka sarkin lahira, na zaune a karaga. Can gefe kuma wata dabba ce a tsugune, kanta na kada, gabanta na zaki, bayanta na dorina, tana jiran zuciyar da ta rinjayi gashin ta haɗiye. Wanda aka haɗiye zuciyarsa shi ke nan, an shafe shi. Kafin awon sai mamaci ya tsaya gaban alƙalai 42 yana wanke kansa: ban yi kisa ba, ban yi sata ba, ban tauye mudu ba, ban taɓa ma'aunin sikeli ba, ban ƙwace nono daga bakin jariri ba, ban tare ruwa lokacin gudunsa ba.

Mai_Shago_Fagge:
"Ban tauye mudu ba." Tab ɗi. A kai wannan kasuwa a manna.

Na_Zaure:
To kun ga abin da nake nufi. Mizani gaskiya ne, hisabi gaskiya ne. Allah bai bar wata al'umma ba tare da mai gargaɗi ba, kuma Annabi Yusuf da Annabi Musa (AS) duk a ƙasar nan suka zauna. Ni a fahimtata ɓurɓushin gaskiya ne ya rage musu suka cakuɗa da gumaka. Wallahu a'alamu.

Malama_Binta_Tarihi:
Wannan fahimtarka ce Malam, ba zan ja da kai a kanta ba. Amma akwai wani bambanci da ya kamata a lura da shi, kuma shi ya dawo da mu kan tambayar Malam Sabo. Su sun yi imani ana iya shiga hisabin nan da shiri na rubutu. Ana sassaƙa dutse a siffar buzuzu a ɗora a ƙirjin gawa, a bayansa an rubuta roƙo ga zuciyar cewa kada ta tashi ta ba da shaida a kan mai ita. Ka ji fa, mutum yana lallashin zuciyarsa ta rufa masa asiri. Rubuce-rubucen jikin akwati ma haka suke: sunayen masu gadin ƙofofi, abin da za ka ce su bar ka ka wuce, yadda za ka kauce wa macizai. A wani wuri da ake kira Dair al-Barsha an sami akwatunan da aka zana taswira sukutum a ƙasansu, hanyoyi biyu, ɗaya ta ruwa ɗaya ta tudu, da tafkin wuta a tsakani. Mamaci na kwance a kan taswirarsa. Da farko sarki kaɗai ke da irin wannan rubutu, a bangon cikin dalar sarki Unas da ke Sakkara aka fara ganinsa, wajen 2350 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga baya hakimai da manyan ma'aikata suka mayar da shi jikin akwatunansu, daga baya kuma ya koma takarda mai naɗi. Shi ne wanda Bajamushe Lepsius ya laƙaba wa Littafin Matattu a 1842. Su masu abin sunan da suka ba shi ya fi kusa da "fitowa da rana".

Talaka_Bawan_Allah:
Wato dai satar amsa ake shiga da ita ɗakin jarrabawa. To wanda ba shi da kuɗin sayen takardar fa? Ni a nan nake. Kullum hoton masu zinariya ake nuna mana. Manomin da ya noma alkamar da aka biya mai zanen da ita, ina akwatinsa?

Malama_Binta_Tarihi:
Ba shi da shi. Tabarma ce da rami a rairayi. A tsohon birnin Amarna an tona maƙabartun talakawan birnin, akasarinsu a yadi da tabarma aka naɗe su. Abin mamaki kuma, rairayi mai zafi yakan busar da gawa da kansa. Akwai gawar wani mutum daga Jabalain a kudancin Masar da ke gidan tarihin Birtaniya a Landan, ya haura shekara 5000, babu natrun babu akwati, har gashin kansa yana nan.

Talaka_Bawan_Allah:
Alhamdu lillahi da likkafani. Ƙyalle fari, makara ɗaya ta unguwa, sarki da bafade duk ita za su hau.

Sabo_Kafinta:
Ni fa har yanzu ina kan katakon. Na zuƙo wani da fentinsa ya ɓare a kafaɗa, sai na ga ashe ba falle ɗaya ba ne, guntaye ne aka harhaɗa, kuma ban ga ƙusa ko ɗaya ba. Turakun katako ne aka huda aka dasa. Inda ya bar giɓi an cusa wani abu kamar yumɓu an shafe. Wannan ai dabararmu ce idan katako ya yi tsada. Wane ice ne suke amfani da shi?

Ɗan_Azhar:
Idonka ya gani daidai, Baba Sabo. Masar ba ta da manyan itatuwa. Abin da suke da shi ɓaure ne da bagaruwa da ire-irensu, ga su a karkace, ba sa ba da dogon falle. Sai a haɗa guntaye, a cike giɓi, a shafe da farar ƙasa a goge ya yi sumul, sannan mai zane ya hau. Mai hali shi ke sayen katakon al'ul da ake kawowa ta teku daga Lubnan. Akwatin wani hakimi Jehutinakt da ke Boston yanzu da shi aka yi. Launukan kuma yawanci daga ƙasa da duwatsu ne, ja da rawaya daga ƙasa, baƙi daga gawayi. Shuɗin ne suke dafawa: rairayi da tagulla da farar ƙasa da ɗan natrun, a gasa a wuta mai tsanani, a niƙa.

Sabo_Kafinta:
Ɓaure! Icen da ko kujerar tsakar gida ba na so in yi da shi. Lallai fenti na rufa asiri.

MaiWurno_Sudan:
Salamu alaikum 'yan uwa, daga Sudan nake bin zancen. Kada a manta da mu. Sarakunan Kush daga nan suka hau suka mulki Masar, su ne gidan sarauta na 25, kuma sun ɗauki wannan al'ada suka dawo da ita gida. Dalolin da ke Sudan sun fi na Masar yawa, sai dai ƙanana ne masu tsini. Na je dalolin Marawi ta Bajrawiya kafin yaƙin nan. A dalar sarki Taharka da ke Nuri an sami 'yan gumakan nan masu yi wa mamaci aiki fiye da 1000.

Mai_Shago_Fagge:
Wane irin aiki kuma? Ba an mutu ba?

Malama_Binta_Tarihi:
Aljannarsu gona ce, Alhaji. Filin Iwa suke ce mata, Masar ce dai aka sake, da kogi da alkama mai tsayi. To inda akwai gona akwai aikin gayya da na tilas, yashe magudana da kwasar rairayi. Manya ba sa son a kira su wannan, sai aka riƙa yi musu 'yan mutum-mutumi riƙe da fartanya da kwando a baya, shabti sunansu. A jikinsu an rubuta cewa idan aka kira wane aiki, kai za ka amsa ka ce ga ni. A wani zamani cikakken saiti 401 ne: 365 na kowace rana, da shugabannin aiki 36 riƙe da bulala, kowane ɗaya kan goma.

Bakatsine77:
Har lahira da ɗan kwangila da fomanansa. Na sallama.

Auwal_Harshe:
Ɗan tsokaci kan abin da ya shafe mu. Harshen Masar na da da Hausa dangi ne na nesa, gida ɗaya suke da Larabci da Tamashek. Kalmarsu ta mutuwa da baƙaƙen m-w-t ake rubuta ta, ga "mutu" tamu ga "mata" ta Larabci. Ƙashi kuma q-s, huɗu f-d-w. Wannan ba ya nufin daga Masar muka taso, kafin wani ya ɗauka ya ruga da shi. Kaka ɗaya dai harsunan suka haɗa can da nisa.

Gimbiya_Zazzau:
Ni tambayata ɗaya ce tun ɗazu. Fir'aunan Annabi Musa yana cikin waɗannan? Na ga bidiyo ana cewa ga shi nan.

Na_Zaure:
Aya ta 92 a Suratu Yunus ta ce za a tsirar da jikinsa ya zama aya ga na baya. Amma Alƙur'ani bai faɗi sunansa ba. Wasu sun ce Ramsis na biyu ne, wasu sun ce ɗansa Marnabtah. Masu bidiyo su ne ke yanke hukunci.

Ɗan_Azhar:
Dukansu biyu na gan su, suna gidan tarihin Fusɗaɗ a nan Alƙahira, inda aka kai gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 a jerin gwano a watan Afrilu 2021. Ba a yarda a ɗauki hoto a ɗakin ba, kuma mutane da kansu suke rage murya. Abin da zai ba Baba Sabo sha'awa shi ne, Ramsis ɗin nan da ya yi shekara 66 yana mulki ya cika ƙasa da gumakansa, ba a kabarinsa aka same shi ba. A 1881 aka fito da shi daga wani rami a Dair al-Bahri, an jibge shi da wasu sarakuna, cikin akwatin katako da ba don shi aka yi ba. Limamansu ne suka kwashe su suka ɓoye bayan ɓarayi sun addabi kaburbura, suka rubuta a jikin akwatin inda aka ɗauko shi da inda aka kai shi.

Talaka_Bawan_Allah:
Ɓarayi? Duk da kada da dorinar?

Malama_Binta_Tarihi:
Duk da su. Akwai takardun shari'ar ɓarayin kabari daga zamanin Ramsis na tara, suna ba da labarin yadda suka cinna wa akwatuna wuta don su tattara zinariyar. Kuma a zamanin gidan sarauta na 21, lokacin da aka yi akwatunan nan masu rawaya da suka fi kowanne cikar zane, da yawansu na hannu ne. A fitar da tsohon mai shi, a kankare sunansa, a rubuta sabo, wani lokaci a gyara fuskar namiji ta koma ta mace. Mutanen da suka ce goge suna kisa ne na biyu, su ne ke goge na wani don nasu ya samu wuri. A nan ne nake ganin maganar Bakatsine ta farko ba wasa ba ce gaba ɗaya. Akwatin ana ɗaukarsa a bainar jama'a, a tsayar da shi a ƙofar kabari a yi masa bikin "buɗe baki", wato don mamaci ya iya ci da magana a lahira, kowa na kallo. Ido na mutane ma yana cikin lissafi.

Bakatsine77:
A rubuta a ajiye, yau Malama ta ce na yi gaskiya.

Gimbiya_Zazzau:
To la'anar da ake cewa tana bin wanda ya buɗe kabari fa?

Ɗan_Azhar:
Daga kabarin sarki Tutankamun ta yi suna. Howard Carter ya gano shi a Nuwamba 1922, sai mai ɗaukar nauyin aikin, Lord Carnarvon, ya mutu a Afrilu 1923 bayan cizon sauro ya rikiɗe masa, jaridu suka ɗauka. Shi Carter da ya buɗe akwatunan uku da hannunsa, har da na cikin da zinariya ce zalla mai nauyin kilo 110, sai 1939 ya mutu.

MaiWurno_Sudan:
La'anar ai a kan masu akwatin ta faɗa. An watsa su duniya. A 1891 an sami gawarwakin limaman abin bautarsu Amun 153 a rami ɗaya, aka rarraba wasu daga akwatunansu kyauta ga ƙasashe. Kwanan baya ma wani gidan tarihi a New York ya mayar wa Masar da akwatin wani limami Najmank mai ruwan zinariya a 2019, bayan an gano sato shi aka yi. Mutum ya kashe dukiyarsa don ba ɗinsa ya gane inda zai sauka da dare, yanzu gawa na wata ƙasa akwati na wata.

Sabo_Kafinta:
Na gode ƙwarai jama'a, na ƙaru. Amma ni har yanzu raina bai gama kwanciya ba kan mai zanen. Malama ta ce don mamaci ne, ta kuma ce don idon mutane ne. To ƙasan murfin fa, da taurarin da Ɗan_Azhar ya ce? Mai kuɗin ya mutu, dangi ba za su kifa murfi su ƙirga ba. Da ya rage goma wa zai sani?

Malama_Binta_Tarihi:
Akwai masu ragewa, Malam Sabo. Ana samun rubutun da aka yi kuskure, da wanda alamun ba sa karantuwa sam, an dai zana abin da ya yi kama da rubutu. Ana samun takardun da aka rubuta tun kafin a sami mai saye, aka bar gurbin suna, wani ma har aka binne ba a cike gurbin ba.

Sabo_Kafinta:
To wannan na gane shi sarai, muna da irinsu a layinmu. Ɗan_Azhar, idan ka sake shiga don Allah ka ɗauko min kusurwar akwatin nan mai idanu daga kusa, ta wajen kai. Ina so in ga yadda suka haɗa bakin katakon biyu.

Ɗan_Azhar:
In sha Allah ranar Asabar, Baba, idan gilashin bai hana ba.